Ranar da Baturiya Ta Yaba Turancina

Mu biyu muka ƙetare iyaka ta Jibiya, ni da Jaɓɓi, ni kaɗai na dawo. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya biyo ni yana zaton labarin arziki zai ji.

Jaɓɓi ɗan Goggona ne, yayar babanmu, wadda ta auri Bafulatani a wata ruga gabas da Dauran cikin ƙasar Zurmi. Taubashina ke nan, don haka tun muna yara ba mu da aiki sai tsokanar juna, ko da yake ya ba ni shekara shida. Ba ya jin Turanci ko na roƙon ruwa. Ni kuwa na yi makarantar horon malamai, na faɗi jarrabawar ƙarshe sau biyu, amma duk da haka a Dauran ni ne mai Turanci. Da aka ba mu jihar Zamfara na yi ta safa da marwa zuwa Gusau neman aiki har takalmina ya huje, ko masinja ban samu ba. Shi kuma ciwon huhu ya shiga garkensu ya bar shi da sanda. Wani dillali a kasuwar Shinkafi ya ce mana ana neman majiya ƙarfi a Ghana. Sai muka raba aiki, shi ƙarfi, ni baki.

Jarina duka wani ɗan littafi ne da na saya wajen mai baza littattafai a ƙasa kusa da tashar jirgin Ƙaura. Bangonsa ya yage, ban ma san wanda ya rubuta shi ba. Cike yake da salon maganar Turawa, irin maganganun da ba a bin su kalma-kalma, kowace da ma'anarta a gefe. Na haddace shi kamar karatun allo. A ganina wanda ya iya waɗannan ya gama da Turanci, sauran jama'a gaisuwa kawai suka iya.

Har Maraɗi ba mu san mun bar gida ba, Hausa ce ko'ina. Daga Doso abin ya fara sauyawa. A wani shinge jandarmomi suka sauke mu duka, suka jera mu a rana suna karɓar takardu. Na gyara wuyan riga na matsa gaba, na zuba wa babbansu Turanci. Ya dube ni tun daga hula har silifa, ya ce wani abu da Faransanci, ya nuna mini gindin bango. Na je na tsuguna. Jaɓɓi ya ƙare wa ɗaya daga cikinsu kallo, sannan ya gaishe shi da Fillanci. Kafin ka ce kwabo suna tambayar juna shanu da damina. Jaɓɓi ne ya zo ya tashe ni daga gindin bangon.

"Bature," in ji shi da muka koma mota, don haka yake kirana, "wanga Turanci naka yaushe za shi hwara aiki? Ko sai an zuba mashi mai?"

"Ƙasar Hwaransa ta nan, baƙauye. Bari mu shiga Ghana ka ga aiki."

A Wagadugu aka damfare mu, kuma ni na buɗe ƙofar. Muna zaune a tasha sai ga wani mutum fes da shi, babbar riga, carbi a hannu. Ya ji muna magana ya tsaya cak. Ya ce shi ma uwarsa 'yar Shinkafi ce, ya lissafo mana unguwanni, har ya share ido. Jaɓɓi ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce ƙasa-ƙasa bai yarda da idon mutumin ba. Na ce masa wannan ai halin daji ne, a ga ɗan uwa a ce kura. Mutumin ya ce akwai motar Ghana da ke lodi a baya, mu kawo jaka ya sa a ɗaure mana a sama, mu kuma mu je mu yi azahar. Ni na ɗauki jakar da hannuna na miƙa masa. Da muka idar muka zagaya baya, motar da ke wurin ko taya babu, kaji ne a ƙarƙashinta.

Tufafinmu suna cikin jakar, da bargo, da garin gero, da man shanun da Goggo ta ɗura mana a kwalba. Na zauna a ƙasa. Jaɓɓi ya ga kan littafin ya leƙo daga aljihuna.

"To, alhamdu lillahi," ya ce, "littahi ya tsira. Sai mu dahwa shi mu ci."

Daga nan bai sake tayar da maganar jakar ba, ko sau ɗaya. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ran da muka isa iyakar Ghana na ga alluna da Turanci, sai na ji kamar na ga dangi. Jami'in da ke duba takardu ya tambayi yadda hanya take. Na miƙe na ce masa "a piece of cake", wato abu mai sauƙi. Mutumin da bai ci abincin kirki ba kwana biyu, rigarsa ta yi ja da ƙura! Jami'in ya kira abokansa ya ce in maimaita. Na maimaita. Suka yi ta dariya suna ce mini farfesa, aka buga mana hatimi muka wuce. Na ce wa Jaɓɓi ka ga aiki ko. Ya ce shi dai ya ga an yi dariya.

Kumasi ruwa muka tarar, irin wanda ba ya sallama ba ya ban kwana. Muka nemi zango, unguwar Musulmin arewa, muka fake a rumfar wata tsohuwa mai koko da ƙosai, ana ce mata Hajiya Memuna. Hausarta wata iri ce, kakanninta ne suka zo fataucin goro ba su koma ba. Ba ta tambaye mu sunanmu ba sai da muka shanye koko. Da ta ji abin da ya same mu ta shiga ɗaki ta fito da riguna biyu na marigayi mijinta. Ta Jaɓɓi ko gwiwar hannu ba ta kai masa ba. Kwana tara muna cin abincinta muna ɗebo mata ruwa, har ta haɗa mu da wani direban motar katako ya kai mu wani ƙauye a cikin kurmi, yamma da Kumasi, inda ake da injin tsaga katako.

Da muka isa na ce wa Jaɓɓi ya tsaya a baya, ni zan yi magana. Niyyata a ba ni aikin rubutu a ofis. Na tsaya gaban foman, shugaban ma'aikatan, na jero masa abin da ke cikina, salo bayan salo. Ya saurare ni yana sakace. Da na gama ya ce, cikin Turancin buroka, in ina son aiki in yi maganar da mutane ke ji. Ya zagaye ni ya je ya matsa dantsen Jaɓɓi, ya gyaɗa kai. Saboda Jaɓɓi aka ɗauke ni, a matsayin ƙari.

Aikinmu juya gumagumai. Mota ta sauke su a kan tudu, mu mirgino su da sandunan ƙarfe zuwa bakin zarto. Gungume ɗaya mutum uku ba sa zagaye shi da hannu. Ga laka, ga ƙarar injin da ke bin mutum har cikin salla. Tafin hannuna ya fashe a makon farko. Jaɓɓi ya riƙa tsayawa a gefen nauyi yana bar mini gefen da ba komai, yana yi yana tsokanata wai hannun alli ne.

Wata rana aka tsuge da ruwa muka ruga ƙarƙashin rumfa, na dubi sama na ce "it is raining cats and dogs", wato ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shi ke nan na sayi suna. Daga ranar ba mai kirana Almu, sunan da ubana ya raɗa mini, sai dai a kira ni da kyanwa da kare cikin Turanci. Jaɓɓi ya matsa sai na gaya masa ma'anar sunan. Da na gaya masa ya yi dariya har sai da ya zauna a kan laka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya buƙace ni. Jaɓɓi ya tsinci kalmomi goma na buroka a bakin aiki, ɗaga, saki, jira, taho, sun kuma ishe shi. Ya yi aboki, wani Kwame, Kirista ɗan ƙasar, gajere mai faɗin ƙirji. Su zauna su raba gasasshiyar ayaba suna hira da hannu suna dariya, ni mai baki ina gefe ina bitar littafi. Wata bakwai ina jiran ranar da za a ce ina Almu, a zo a yi magana.

Kewar gida ta fi kama Jaɓɓi, ko da yake ba ya faɗa. Gero babu, nono babu, kullum rogo da dokunu, tuwon masararsu mai tsami. In motar shanu ta wuce kan titi zuwa kudu sai ya saki sandar ƙarfe ya bi ta da kallo har ta ɓace. Da farko in an tambaye mu garinmu Sakkwato muke cewa, don ba wanda ya taɓa jin Zamfara. Sai ga shi wata rana da hutun azahar rediyon foman ya ambaci Zamfara, ya sake ambata, wai an ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Ma'aikata suka juyo suna kallonmu. Daga ranar in Jaɓɓi ya kai hannu ga ayabar Kwame, sai Kwame ya kama wuyan hannunsa ya yi kamar yana yankawa, su fashe da dariya. Wasu kuwa da gaske suka ja jiki da mu. Jaɓɓi bai damu ba. "Ko ba komi yau an san garinmu," in ji shi. "Da ina gida da na tai na ga taron."

Ran da abin ya faru da hantsi ne, bayan ruwa. Muna saukar da wani gungume sai sarƙar da ke riƙe da shi ta zame. Na ji Kwame ya yi ihu. Gungumen ya mirgino ya matse Jaɓɓi da wani gungumen ta gefen hagu, ƙasan haƙarƙari, sannan ya koma baya kaɗan. Kafin mu isa ya zare jikinsa ya miƙe. Ba jini, ba karaya. Ya kakkaɓe riga ya ɗauki sandarsa ya ce ba komai. Ya yi aiki har azahar, sannan ya nemi wuri ya zauna, mutumin da ban taɓa ganin ya zauna ana aiki ba. Ya ce in ba shi ruwa. Ya shanye ya ce in ƙaro.

Washegari da safe a zaune ya yi salla. Leɓɓansa sun yi fari, goshinsa na tsattsafo da gumi mai sanyi. Kwame ya zo ya dube shi sau ɗaya ya fita da gudu, ya dawo da motar katakon da ta yarda ta sauke mu a wani ƙaramin asibitin mishan da ke kan hanya.

Ɗaki huɗu ne a ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Ba likita, sai wata tsohuwar nas Baturiya da ake kira Sista, gashinta fari fat, da mataimakiyarta 'yar ƙasar. Suna da mota guda, tsohuwa, da ke zuwa babban asibitin birni sau ɗaya a rana kafin azahar, saboda lalacewar hanya, kuma mutum ɗaya take ɗauka a kwance. Mun tarar da wani manomi da itace ya faɗo wa a ƙafa, yana ta kururuwa, matansa na taya shi. Tun a bakin ƙofa Kwame ya nuna mini motar ya nuna Jaɓɓi. Na gane abin da yake nufi. Wuri ɗaya ne, mutum biyu ke nema.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da ke zuciyata daban. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa magana da Bature ba. Ga mai harshen da kanta, ga ni, ga kuma Jaɓɓi kwance ba shi da baki sai nawa.

Wanda ba ɗan wajenmu ba sai na yi masa bayani a nan. Mu mara lafiya ba ya cewa yana jin zafi. Ka tarar da mutum rai a hannun Allah, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Kai ma mai dubiya ba ka cewa jiki ya tsananta a gaban mai jikin, mugun baki ne. Sai ka ce Allah ya ƙara sauƙi, amma idonka na aiki, kana duba gumi, kana duba numfashi, kana duba yadda ya riƙe tabarma. In kun fito waje, a bakin ƙofa, nan ake faɗin gaskiya da murya ƙasa-ƙasa, a ce wallahi jikin nan ba daɗi, a nemi mota. Magana biyu ce, ta ciki da ta waje, kowa ya san wannan. Balle Jaɓɓi, Bafulatanin da ya sha bulalar sharo yana murmushi, a ce ya yi raki a gaban mace.

Sista ta ɗaga rigarsa ta danna cikin. Jaɓɓi ya kafa wa rufin kwano ido, fuskarsa ko motsi. Amma ni ina tsaye wajen ƙafafunsa, na ga yatsun ƙafarsa sun dunƙule sun kama bakin gadon. Na gani da idona. Ta kama wuyan hannunsa tana duba agogo, ta ɗaure fuska. Ta ce in tambaye shi ko zafin na da ƙarfi, in kuma gaya mata daidai abin da ya ce.

"Tana tambaya ya jikin," na ce.

"Ce mata da sauƙi. Ta ruhe man cikina."

Na juya na gyara tsayuwa. Na ce mata gungume ne ya ɗan taɓa shi jiya, ya ma ci gaba da aiki. Sannan na ɗauko wadda na daɗe ina ajiya, na ce "he is a little under the weather". Ma'anarta ɗan rashin jin daɗin jiki, irin na mura ko gajiya.

Sai fuskarta ta saki. Ta yi dariya, ba irin ta jami'an iyaka ba, dariyar wanda ya ji muryar gida. Ta ce rabonta da jin wannan magana tun tana ƙasarsu, uwarta ce mai yawan faɗinta. Ta tambaye ni inda na koyi Turanci haka. Ta kira mataimakiyarta ta ce ta zo ta ji. Kai, jama'a! Wata bakwai ana mini dariya, yau ga mai abin ta ce na iya. Kaina ya yi girma har na ji ɗakin ya yi mini kaɗan. Na ƙara mata da cewa gobe war haka zai tashi "as fit as a fiddle", wato garau.

Duk da haka ba ta saki hannunsa nan da nan ba. Ta dube shi, ta dubi manomin da ke ihu a gado na biyu. Ta sake tambayata ko ya suma, ko ya yi amai, ko zafin na hawa kafaɗa. Ban ma tambaye shi ba, na ce a'a. Ta ce to, a bar shi nan ya kwanta ta sa masa ido, in bai ji dama ba gobe mota ta tafi da shi. Ta fita tana ba da umarni a ɗauki manomin.

Nan ne wurin. Ta fita, tana tsaye a bakin ƙofa ita kaɗai tana jiran a kawo gadon ɗauka, taku biyar tsakanina da ita. A gida da ko tunani ba zan yi ba, ƙafata ce za ta kai ni in ce mata jikin nan ba daɗi. Ita ba ta san ana maganar waje ba, ni na sani. Amma yanzu-yanzu ta yabe ni, in je in ce mata abin da na faɗa ba haka ba ne? Da wane salo zan faɗa? Na laluba littafin a kaina ban sami wadda ta dace ba. Ina wannan lalube aka sa manomin a mota. Kwame ya riƙe ƙofar motar yana yi wa direba magana da harshensu, yana waiwayena. Na ɗaga masa hannu alamar ba komai.

Na koma ciki na zauna a bakin gadon. "Ka ji ko? Mai abin da kanta ta yaba."

"Awo, na gani," in ji Jaɓɓi. Ya yi ɗan murmushi. "Yau dai an zuba mashi mai."

Bayan azahar ya daina neman ruwa. Wajen la'asar na taɓa hannunsa na ji shi kamar randa. Cikin ya kumbura ya yi tauri. Na kira sunansa ya buɗe ido bai gan ni ba. Na fita da gudu, kuma abin da ya fito daga bakina Turancin ɗan aji ɗaya ne: zo, ciwo, nan, tun jiya, sosai. Kalmomin da Jaɓɓi kansa zai iya faɗi.

Sista ta zo ta danna cikin sau ɗaya, ta juyo kaina. Ta ce jini ne ke zuba a ciki tun jiya, saifarsa ta fashe. Ta ce me ya sa ban gaya mata ba. Ta faɗa sau uku, tana ɗaura masa ƙarin ruwa. Na ji kowace kalma sarai, ba salo ko ɗaya a ciki.

Motar asibiti ba ta dawowa sai gobe. Kwame ya je ya tsaya a tsakiyar titi ya buɗe hannuwa har wata motar katako ta tsaya. Muka kwantar da Jaɓɓi a gaba, kansa a cinyata, ina riƙe da robar ruwan a sama. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji shi a jikinsa. Can ya fara magana, a hankali, da Fillanci. Ya yi ta yi, yana kallona, kamar mai ba da saƙo. Ni da na haddace maganar mutanen da ban taɓa gani ba, ban taɓa zama na koyi harshen gidan Goggona ba. Kalma biyu kawai na iya riƙewa. Na yi ta ce masa ya faɗa da Hausa. Na yi masa kalmar shahada, leɓɓansa suka bi. Rana ba ta faɗi ba ya cika, muna kan wata gada, birni ko alamarsa babu.

Direban ya cire hularsa ya juya da mu zuwa ƙauyen da muke aiki. A ƙauyen akwai Musulmi 'yan ƙalilan, Mosawa da Dagwamba masu aikin gonar koko. Ba su san mu ba, amma limaminsu ya zo da kansa da safe ya yi masa wanka, ni ina zuba ruwa. Kwame ne ya je gari ya sayo farin yadi. Shi ya haƙa kabarin kuma, don ƙasar kurmi saiwa ce ko'ina, sai da gatari. Da za a yi salla ya koma gefe ya tsaya da gatarinsa yana kuka kamar yaro. Mu tara muka sallace shi. Ƙasar ja ce jiƙaƙƙiya, tana manne wa hannu.

Sista ta aiko a kira ni. Na je ina jiran faɗa. Sai ta ba ni takardar shaidar rasuwa, ta ce zan buƙace ta a hanya. Ta ce ita ma da laifinta, hannunsa ya gaya mata gaskiya ta bi bakina. Ta tambaye ni ko yana da iyali. Na gyaɗa kai. Na karɓi takardar na fita.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗi a kanta. An sauke ni a shingaye, an tsugunar da ni, na tsuguna. Na iso Ƙaura na tarar gari ya sauya, mata da motarsu daban, kowa Shari'a yake zance. A tashar Zurmi wani ya gane ni ya ɗaga murya, "A'a, Bature! Ina tsaraba? Ina mutumin naka?" Na yi kamar ban ji ba.

Babanmu na fara gaya wa. Ya yi salati, ya sa hula, muka kama hanyar ruga a ƙasa. Shi ya yi maganar, ni ina tsugune a baya. Matar Jaɓɓi ta faɗi, mata suka janye ta. Goggo kuwa ba ta yi kuka ba. Ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗi tun yana raye. Ta ci gaba da goge ƙwaryar da ke hannunta har ta gama, ta kife ta.

Sai bayan addu'ar uku ta aika a kira ni bukkarta. Ta dama fura ta tura mini. Ta tambaya ko wancan ya bar magana. Na maimaita mata kalmomi biyun nan yadda kunnena ya riƙe su. Ta gyaɗa kai ta juya fuska wajen bango, ta daɗe a haka. Ba ta gaya mini ma'anarsu ba, ni ma ban tambaya ba.

"An kai shi asibiti?" ta ce.

"An kai shi, Goggo."

"Sunka ce Baturiya ta."

"Baturiya ta."

"Kai kay yi mata magana?"

Na ce ni ne. Na buɗe baki in ci gaba, wallahi na buɗe. Sai ta miƙo hannu ta dafa kaina, abin da ba ta taɓa yi ba tun ina yaro.

"To, alhamdu lillahi. Abin da ad dame ni ke nan, in ce ya mutu cikin mutane ba mai jin shi. Da ba ka nan, Almu, wa za shi hwaɗa masu inda ka yi mashi ciwo? Allah shi yi maka albarka. Allah shi ba ka mai yi maka yadda kay yi mashi."

Na ce amin. Tana kallona, don haka na ɗauki furar na shanye.